Malami mai suna ko malami mai ɗaki: wa za ka bi in kana son farmasin reya?

Kowace shekara akwai ƴan Damagaram da ke kai ƙarshen karatun farmasi, wasu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wasu a Dakar ko Wagadugu, wasu kuma a Zariya ko Kano. Yawancinsu kanti suke hange, kuma babu laifi a cikin haka. Amma akan samu ɗaya ko biyu da zuciyarsu ke ɗakin reya, inda ake kwantar da masu rai kwakwai mutu kwakwai. Ku nake yi wa wannan rubutu, ƙannena, domin shawara ta farko da za ta sha muku kai ita ce ta malamin da zai riƙe muku tezi, ko wanda za ku bi don ƙarin ƙwarewa. Sau da yawa mutum biyu ne ke gabanku. Ɗaya mai suna, wanda in ka buga sunansa a Google Scholar sai maƙaloli su cika maka fuskar waya, kuma galibi yana wata ƙasa. Ɗayan kuma mai ɗaki: sunansa bai wuce ƴan mujallu ba, amma kullum safiya yana gefen gadon majinyata tare da likitoci da majo.

Da farko dai ku sani aikin da kuke so ba ƙawa ba ne. A 1999 Lucian Leape da abokan aikinsa suka buga wani bincike daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka. Abin da suka yi bai da wuya: sun sa farmasiye ya riƙa bin likitoci zagayen safe a ɗakin reya, yana nan lokacin da ake rubuta magani. Illolin da kuskuren rubuta magani ke jawowa, waɗanda ana iya kauce musu, suka ragu da kashi 66 cikin 100, kuma likitocin sun karɓi kusan duk shawarwarin da ya bayar. Daga irin wannan aiki ne fannin ya tsaya da ƙafarsa, har a 2013 aka amince da shi a Amurka a matsayin ƙwarewa mai jarrabawarta. Ku lura da inda farmasiyen yake tsaye: kusa da gado, ba bayan tagar ba da magani ba. Zan dawo kan wannan.

Mu fara da mai suna, mu kuma ɗauki mafi kyawun irinsa, don kada a ce na zaɓi rago na kayar. Jason Roberts farmasiye ne a Birisben ta Ostireliya, farfesa a Jami'ar Kwinsland. Tambayar da ya daɗe yana bi ita ce: awon antibiyotik da aka rubuta a takardar kwali, wanda aka gwada a kan mutanen da jikinsu bai rikice ba, yana isar wanda cuta ta shiga jininsa? Jikin irin wannan majinyaci ya canza. Jijiyoyinsa na yoyo, an ɗura masa ruwa lita-lita, maganin ya watsu ya tsarke. Ƙodar wani ta tsaya magani na taruwa, ta wani kuma, musamman matashin da ya yi haɗari ko ya ƙone, tana tace jini fiye da ƙima tana zubar da maganin tun bai yi aiki ba. A binciken da ake kira DALI, wanda ya fito a 2014, an auna magani a jinin majinyata a asibitoci 68 na ƙasashe 10. Cikin waɗanda ake yi wa maganin ƙwayar cuta, kashi 16 cikin 100 ba su kai ko mafi ƙarancin awon da ake nema ba, kuma su ne suka fi kasa warkewa.

Daga nan aka ce, tunda dangin fenisilin sun fi aiki in sun daɗe a jini sama da awon da ke kashe ƙwayar, me zai hana a riƙa ɗura su a hankali dare da rana maimakon allurar rabin awa? Aka gwada a babban binciken BLING III, da Roberts a cikin jagororinsa, kan mutum sama da 7,000. Sakamakon ya fito a 2024: bayan kwana 90, kashi 24.9 sun rasu cikin masu ɗuri marar yankewa, kashi 26.8 cikin sauran. Bambancin bai kai mizanin da masu lissafi ke cewa ya tabbata ba, kuma masu binciken sun faɗi haka ƙarara, duk da shekarun da suka zuba a kai. Sai da aka haɗa shi da sauran gwaje-gwaje aka ga alamar amfani ta yi ƙarfi. Wannan hali, na faɗin abin da lissafi ya nuna ko da bai yi maka daɗi ba, shi ne babban abin da za ka koya a wurin irin wannan malami. Za ka koyi yadda ake tsara tambaya, yadda ake lissafa yawan majinyatan da ake bukata, yadda ake neman izinin kwamitin ɗa'a, yadda ake rubutu a mujallar da ba ta sani ba sabo. Sunansa a kan takardarka kuma yana buɗe ƙofar bursi da ta kuɗin bincike. Wanda ke son koyarwa a jami'a ba zai raina wannan ba, domin CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, maƙaloli take dubawa kafin ta ɗaga mutum zuwa mataki na gaba.

To amma yawancin masu sunan da za ku samu ba Roberts ba ne, kuma abin da za a nuna muku don a burge ku lamba ce. Ana kiranta ma'aunin h. Wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ta a 2005: in an ce h ɗin mutum 20 ne, yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Lambar ba ta raguwa, tana hawa da shekaru, ba ta bambanta wanda ya yi aikin da wanda aka saka sunansa na goma sha biyar don ladabi, kuma ba ta san ko ambaton yabo ne ko ƙaryatawa ba. Tun 2012 masana da editoci suka fitar da sanarwar San Faransisko suna kira da a daina auna mutum da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a karanta aikin kansa.

Kuma ɗakin reya ya sha ɗanɗana kuɗar wannan. Joachim Boldt, likitan sa barci a Jamus, ya yi suna ƙwarai da rubuce-rubuce kan wani ruwan ɗuri mai sitaci da ake ba wanda jininsa ya faɗi. A 2011 mujallu suka janye maƙalolinsa sama da 80, daga baya aka ƙara janye wasu da yawa, saboda rashin izinin ɗa'a da kuma bayanan da ba na gaskiya ba. A 2012 manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna ruwan yana cutar da ƙoda. Kafin nan, duk mai duba lamba zai ce wannan malami ne na bi. Akwai kuma labarin bitamin C. A 2017 Paul Marik a Amurka ya kwatanta majinyata 47 da aka ba haɗin bitamin C da hidrokotizon da tiyamin da wasu 47 na baya da ba a ba su ba: mutuwa kashi 8.5 cikin waɗanda aka ba, kashi 40.4 cikin waɗanda ba a ba. Duniya ta ɗauka, aka yi ta ambato. Da aka yi gwaje-gwaje na ƙa'ida, inda ƙuri'a ke raba majinyata, amfanin bai fito ba. Wani na 2022 ma ya nuna waɗanda aka ba bitamin C ta jijiya sun fi shiga matsala. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Matsala ta biyu ta fi wannan shafar mu, kuma ko malamin na kirki ne tana nan. Ɗauki ɗurin nan marar yankewa ka kawo shi Damagaram a watan Afirilu, zafi ya haura digiri 40. Meropenem, ɗaya daga magunguna biyun da aka gwada, ba ya jimawa bayan an narka shi, zafi kuma na ƙara saurin lalacewarsa. Ɗurin yana son famfon sirinji ga kowane gado, da wutar da ba ta ɗaukewa, da layin jijiya na daban don kada a gauraya shi da wani magani. Gyara awo bisa abin da ke cikin jini kuma yana son injin da ba kowane asibitin Turai ma ke da shi ba. Ga kuma iyalin da ke riƙe da ordonans suna lissafin jika nawa ta rage a aljihu. In ka shekara uku kana koyon aiki da wannan injin ka dawo gida, iliminka na nan, amma hannunka a ɗaure.

Wani lokaci ma abin ya wuce rashin kayan aiki: amsar kanta takan canza in wuri ya canza. Shekara da shekaru littattafai na cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya sa jininsa ba ya zagayawa da kyau a ɗura masa ruwa da sauri. Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada a Yuganda, Kenya da Tanzaniya kan yara 3,141, aka buga a 2011. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 na yaran da aka yi wa ɗurin gaggawa sun rasu, kashi 7.3 kawai cikin waɗanda ba a yi wa ba. (Binciken bai haɗa da masu gudawa ko masu tamowa mai tsanani ba, kada wani ya karanta wannan ya hana mai zawo ruwa.) Yaran nan da palu (zazzaɓin cizon sauro) da ƙarancin jini, a asibitocin da ba injin numfashi, sun fi kama da waɗanda ake kawo mana daga Mirya da Magarya da damina fiye da yaran Landan. Malamin da bai taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki ba zai iya koya maka ƙa'idar da ke daidai a wurinsa, ba daidai a wurinka ba, kuma da zuciya ɗaya.

Yanzu ga mai ɗaki. Abin da yake da shi sai an gani. A watan Satumba, lokacin da palu ya yi tsanani har yara biyu na kwana gado ɗaya, ka tsaya bayansa ka ga yadda yake koya wa sabon ma'aikaci haɗa artesunat, allurar palu mai tsanani. Kwalba mai miligiram 60, a fara zuba mata mililita 1 na ruwan bikarbonat, a girgiza a hankali har garin ya narke ruwan ya washe. In ya ƙi washewa a yar. Sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri in ta jijiya za a bayar. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma 2.4. Allura ta farko yanzu, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24. Abin da ya rage a kwalba ba a ajiye wa na gaba, domin ba ya wuce awa ɗaya. Zai tambaya: an ɗora yaron nan a kan sikeli, ko da ido aka kimanta? Daga can ya hango wata ma'aikaciya za ta tura antibiyotik ɗin seftriyakson a layin da ruwan ɗuri na Ringer ke gudu, ya ce, "Ƙanwata, dakata." Ringer na da kalsiyom, in suka haɗu sai su yi gari a cikin roba, ga jarirai kuwa an san wannan haɗi da kisa. Shi ne zai raba ampul ɗin potasiyom da na ruwan allura a kabad daban-daban don kamanninsu ɗaya. Shi ne zai tabbatar akwai kalsiyom gulukonat a kusa duk inda ake ba mai jijjigar ciki magneziyom. In famfon sirinji ya ƙare, shi ya san yadda za a tsarke noradrenalin, maganin ɗaga jinin da ya faɗi, a ƙirga ɗigo da agogo a hannu, ɗigo 20 mililita 1 a robar manya. Kuma ya san me ya lalace a firigo bayan daren da aka kwana ba wuta.

Wannan shi ne farmasiyen da Leape ya auna amfaninsa. Ba ka samun wannan ilimi a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet, kuma shekara ɗaya a gefensa za ta sa likitoci su fara kiranka kafin su rubuta, wanda shi ne asalin aikin.

Sai dai ba zan ɓoye muku raunin mai ɗaki ba, kuma ba ƙarami ba ne. Lokacinsa duk na majinyata ne, babinka zai yi wata a teburinsa bai karanta ba. Sau da yawa ba a koya masa lissafin bincike ba, sai tezin ta zama ƙidayar dosiye kawai: mun ga mutum kaza, maza kaza, mata kaza, kaza sun rasu. A kare ta, a yi walima, a saka a kabad. In ya matsu da neman ƙarin girma sai ya kai aikin mujallun nan da ke aiko saƙon gayyata, ka biya su buga cikin mako biyu ba wanda ya duba. Sunanka na farko zai fito a wurin da zai zame maka abin ɓoyewa. Mafi muni shi ne al'ada. Mutumin da ya shekara ashirin yana yin abu yana ganin wasu na warkewa zai rantse abin na aiki. Masu ɗura wa yara ruwa da sauri ma haka suka rantse, domin yaron kan ɗan farfaɗo a gaban idonsu. Sai da aka ƙirga gawa aka gane. Gani da ido bai isa ba a wannan ɗaki.

Abin da ya sa ban yarda cewa bincike mai nauyi sai a Turai ba, ƙasar nan ta riga ta nuna. A 2003, lokacin annobar sanƙarau, aka gwada allurar seftriyakson guda ɗaya da kuloramfenikol mai mai a kan mutum 510 a cibiyoyin lafiya na Nijar. Aka samu ƙarfinsu ɗaya, mujallar Lancet ta buga a 2005, kuma seftriyakson ya zama maganin da ake dogaro da shi lokacin annoba. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, ƙungiyar Epicentre ta gwada ko ya kamata a ba kowane yaro mai tamowa marar wata cuta amoksisilin. Kusan yara 2,400, aka buga a 2016, ba a ga bambanci na a zo a gani a warkewa ba. Artesunat ɗin da na kwatanta ma, gwaji ne kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna a 2010 cewa mutuwa ta sauko daga kashi 10.9 da kinin zuwa kashi 8.5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza ƙa'ida a 2011. Duka ukun tambayar daga ɗaki ta fito, tsarin kuma daga masu sanin bincike.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka yi wa kowannensu bincike. Mai suna: buɗe PubMed, ka bar lambar, ka ɗauko maƙaloli biyar na baya-bayan nan inda sunansa ke farko ko ƙarshe, domin a nan ne mai aiki da mai jagora ke zama. Karanta su da kanka; shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin tamu mujallu da yawa kyauta. Tambaya ɗaya yake bi shekara da shekaru, ko yau ƙoda gobe fata? Akwai wata ƙa'idar magani da ta canza saboda aikinsa? Ya taɓa buga sakamakon da ya ƙaryata ra'ayinsa? Ka duba sunansa a Retraction Watch, shafin da ke tattara maƙalolin da aka janye, minti biyu ne. Sannan ka nemi ɗalibinsa na da, musamman ɗan Afirka, ka ji ko sunan ɗalibin ne ya zo farko a kan aikin da ya yi, kuma jinin da aka ɗiba da bayanan da aka tara a ƙasarsu ina suka ƙare. Akwai masu suna da ke son ɗalibi daga Sahel don su samu majinyata, ba don su koyar ba. Mai ɗaki kuwa, ka roƙi izinin bin zagayensa mako ɗaya. Ka lura ko likitoci na tambayarsa, ko in ƙaramin ma'aikaci ya kawo kuskure yana gyarawa ne ko yana tozartawa, ko akwai takardar awo da ya rubuta aka manna a bango ana bi. Ka yi masa tambaya cikin ladabi: "Malam, cikin abin da aka koya muku a makaranta, wanne kuka daina yi?" In ya ce babu, ka yi tunani.

Ga inda na tsaya. In burinka kujerar koyarwa ce, a Yamai ko a Jami'ar André Salifou ta nan gida, kuma ka samu bursi cikakkiya wurin mai sunan da ya tsallake tambayoyin nan, ka tafi, amma ka yi sharaɗi tun farko cewa tambayar tezinka daga gida za ta fito. In kuwa niyyarka ka yi aiki a Babban Asibitin Damagaram ko a asibitin gunduma irin na Magarya, Matamai ko Tanut, mai ɗaki ya zama malaminka na farko, ko da sunansa bai burge kowa ba. Dalilina shi ne, abin da ya rasa ana iya aro shi daga nesa, abin da mai suna ya rasa ba ya aruwa. Masanin lissafi zai iya duba tsarin bincikenka ta waya daga Dakar ko Zariya. Ba wanda zai koya maka ta waya yadda za ka tsayar da hannun da ke shirin tura maganin da bai dace ba, ba tare da ka ɓata da mai hannun ba. Jami'o'i da dama na yarda da malamai biyu a kan tezi ɗaya, sai ka nemi hakan tun kafin a rubuta sunan kowa, kuma a amince a rubuce kan wanda sunansa zai zo farko.

Ke kuma ƙanwata da gida ko aure ba zai bar ki ki yi shekaru a waje ba, kada ki ɗauka ƙofar bincike ta rufe miki. Tambayoyin da ba a amsa ba suna nan a ɗakunanmu, kuma ba su bukatar injin miliyoyi. Awa nawa ke wucewa tsakanin rubuta antibiyotik da shigarsa jijiyar majinyaci, kuma me ke cin lokacin: layin kesu, neman kuɗi, ko rashin magani a farmasi? Allurar artesunat ta awa 12, wadda sau da yawa kan faɗo tsakar dare, yara nawa ke samunta a kan lokaci? Zafi nawa kabad ɗin maganin gaggawa ke kaiwa da rana a watan Mayu? Kowace daga ciki tana son rajista, agogo, ma'aunin zafi, izinin kwamitin ɗa'a da na shugabannin asibiti, da takardar tattara bayanai wadda mai sanin lissafi ya duba kafin a cika layi na farko. In palu za ki bi, izinin ya kasance a hannu kafin watan Yuli, don kada damina ta wuce ki jira wata shekara.